Yadda ake tara ruwan sama a gida don ban ruwan garka a Yamai

Ruwan da ke sauka a kan rufin gida ɗaya a Yamai cikin damana guda ya fi ƙarfin duk tano da randar da ke gidan. Yawancinsa ta ƙofar gida yake ficewa, ya cika titi, ya ci gindin katanga. Bayan wata uku sai ka ga mai gidan yana tsayar da garuwa, ko yana ƙirga kuɗin famfo, don ya shayar da ƴan tumatir da zogalen da ya dasa a bayan ɗaki. Tarar ruwan ba ta da wuya, ajiye shi ne aiki, kuma a nan ake ɓarnar kuɗi. Mutum yakan sayi tanki tun bai san yawan ruwan da rufinsa ke bayarwa ba, bai kuma san yawan da garkarsa ke sha ba. Don haka da alƙalami za a fara kafin a nufi kasuwar Katako.

Mataki na farko: lissafin abin da za ka samu da abin da za ka kashe

Ƙa'idar ɗaya ce. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. In ka ji a rediyo an ce an samu milimita 30 a daren jiya, to kowane murabba'in mita na rufinka ya karɓi lita 30.

Auna rufin daga ƙasa, tsawo da faɗi, har da ɗan abin da kwanon ya zarce bango. Tudun rufin ba ya ƙara komai, filin da ya rufe a ƙasa shi ake aunawa. Mu ɗauki ginin ɗaki biyu da falo mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, wato murabba'in mita 60. Ba duk ruwan ne zai shiga tanki ba, wani iska za ta kwashe, wani ya fantsama, wani kai da kanka za ka zubar. A rufin kwano, wanda muke kira tol, ana ƙiyasta samun kashi 80 cikin 100.

Yamai takan samu kimanin milimita 550 a shekara, kusan dukkansa daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ne ya fi ruwa. Ninka 60 da 550, ka cire kashi 20 cikin 100, za ka ga lita 26,400. Tano mai cin lita 200 sai ka jera 132 kafin su ɗauke wannan ruwa. Wanda ke Tawa, inda ruwan shekara galibi ba ya kaiwa milimita 400, in ya yi lissafi da 350 zai samu lita 16,800 a kan irin wannan rufi. Ko hadari ɗaya mai milimita 30 yana sauke lita 1,440, ya cika tano bakwai ya bar ragowa.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Kayan miya da na ganye a ƙasarmu mai yashi suna shan kamar lita 5 a kowane murabba'in mita a rana lokacin sanyi, a Afrilu da Mayu kuma sukan nemi 8 ko fiye. Garka mai murabba'in mita 20, wato fangali huɗu masu mita 5 a tsaye da mita 1 a kwance, tana shan lita 100 a rana. Tanki mai lita 1,000 kwana goma zai yi mata. In kana son ka shayar da ita tun daga Oktoba har Mayu da ruwan sama kaɗai, kana bukatar wurin ajiyar sama da lita 24,000, kuma gidaje ƙalilan ne ke da filin wannan da kuɗinsa.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne tanki yana da aiki biyu da zai yi maka da kyau. Na ɗaya, ya riƙe shukarka a kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damana, irin kwana goma ko sati biyun nan na Yuni da Yuli da ke ƙone ƙananan tsiro. Na biyu, ya ba ka ruwan renon iri da dashen farko a Oktoba da Nuwamba. Sauran ruwan, wanda shi ne mafi yawa, cikin ƙasar gidanka za ka tura shi, a gindin itatuwa. A ganina wanda ya tsara aikinsa a kan haka tun farko ya fi wanda ya ci bashi ya sayi ƙaton tanki riba.

Mataki na biyu: duba rufinka

Rufin tol shi ne mafi sauƙi. Ko ya ɗan yi tsatsa babu laifi ga shuka. A gidajen Yamai da yawa tol ɗin yana ɓoye a bayan ɗan bangon da aka ɗaga a sama, ruwan kuma yana fitowa ta indararo biyu ko uku. Mai irin wannan gida ya huta da rabin aiki, domin an riga an tara masa ruwan wuri ɗaya, tiyo kawai zai haɗa a bakin kowane indararo. Rufin siminti na dal ma haka yake, sai dai yana tara ƙasa da kashin tantabaru, kuma yana shan wani abu daga ruwan kafin ya sake shi.

Ɗakin ƙasa, soro ko shigifa, ruwansa ja ne mai laka. Kada ka wahalar da kanka da zuba shi a tanki mai robine, zai toshe komai. Tare shi a buɗaɗɗen tano ya kwanta ka kwashe a kwana biyu, ko ka ja shi kai tsaye zuwa gindin itace. Ribarka a nan ita ce ka raba ruwan da gindin bango.

In haya kake, nemi izinin mai gida kafin ka huda bango ko ka yi tono. Tano da tankin roba dai naka ne, ranar tashi ka ɗora su a amalanke.

Mataki na uku: magudanar bakin rufi

Inda ruwa ke zuba ta duk tsawon bakin tol, sai an sa magudana, wadda masu aikin ke kira gutiyer. Akwai ta roba da ake sayarwa a shagunan kayan gini, akwai wadda maƙeran Katako ke lanƙwasawa da tol, akwai kuma dabarar tsaga tiyon PVC mai faɗin milimita 110 ko fiye gida biyu a tsaye. Ta tol ta fi jure rana. Ta roba mara kauri takan lanƙwashe a zafin bazara, ta yi ciki a tsakiya, ruwa ya kwanta a nan.

Abu uku ne ke sa magudana ta yi aiki ko ta zama ado.

Gangare: ta sauka kamar santimita 1 a kowace mita ɗaya zuwa wajen da tiyon saukar ruwa yake. A bango mai mita 10, bakin ƙarshe zai fi na farko ƙasa da santimita 10. Buga ƙusa a kowane gefe, ɗaura igiya ka ja ta sosai, ka bi igiyar wajen kafa ƙarafan riƙo. Kada ka yarda da ido.

Ƙarafan riƙo: kowane santimita 50 zuwa 60, a kafe su a jikin katakon rufi ko a bango da sukurori, ba a ɗaure da waya ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma iska da ƙura ne ke riga ruwa isowa. Magudanar da aka ɗaure da waya takan tashi a iskar farko, wani lokaci ta ɗaga tol ɗin tare da ita.

Matsayi: bakin tol ya shigo cikin magudanar kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗinta, kuma kada ta yi nisa da shi a ƙasa. Ruwan Agusta da gudu yake saukowa, in magudanar ta yi ƙasa da yawa sai ya tsallake ta ya zuba a tsakar gida. Ka ce wa maƙerin ya ɗaga gefen waje ya fi na ciki tsawo da yatsu biyu ko uku.

Tiyon saukar ruwa kuma kada ya yi ƙanƙanta. Ga rufin murabba'in mita 60, tiyo mai milimita 100 ko 110 ya dace. In rufin ya fi haka, sa biyu. A bakin da ruwa ke shiga tiyon, cusa ɗan dunƙulen ragar waya don ya tare ganyen bedi da leda.

Mataki na huɗu: raba ruwan wankin rufi da na ajiya

Wata bakwai ko takwas rufin yana shan ƙurar hunturu, ga kashin tsuntsaye da ƙadangaru. Ruwan farko na shekara gaba ɗayansa kada ya shiga tanki. Cire tiyon, ka juya shi zuwa gindin itace. Shuka ba ta ƙin wannan ruwa, tanki ne ba ya son shi, domin lakarsa takan kwanta a ƙasa ta toshe robine, dattinsa kuma ya sa ruwan wari.

Bayan wannan ma, kowane hadari yana zuwa da tasa ƙurar, saboda haka ana zubar da abin da ya fara sauka, kamar lita ɗaya a kowane murabba'in mita in an daɗe ba a yi ruwa ba, rabin haka in jiya ko shekaranjiya aka yi. Ana iya yi da hannu: ƙarshen tiyon ya zama mai lanƙwasuwa, a bar shi a waje minti biyar zuwa goma, in ruwan ya washe a mayar da shi bakin tanki. Matsalar ita ce ruwa yakan zo da tsakar dare, ko kana kasuwa.

Hanyar da ba ta bukatar kowa ya farka ita ce ƙaramin tano na tsakiya. Samu tanon roba mai murfi mai cin lita 50 zuwa 60. A jikin tiyon da ya sauko daga rufi, sa mahaɗi mai baki uku: baki ɗaya daga rufi, ɗaya ya miƙe ƙasa cikin ƙaramin tanon, na ukun ya nufi babban tanki a kwance. Ruwan farko zai faɗa ƙasa ya cika ƙaramin tanon, sai ya cika sannan na baya, mai tsabta, ya bi hanyar tanki. Dole mahaɗin tiyo da murfin ya toshe sosai, in ba haka ba ruwa zai riƙa tsiyaya ta nan. Sa robine a gindin ƙaramin tanon, kuma bayan kowane ruwa a buɗe shi a juye wa itatuwa. In aka manta aka bar shi cike, ruwa na gaba zai wuce da dattinsa kai tsaye. Wannan aiki ne da za a ɗora wa yaro ɗaya a gida, ya san nasa ne.

A bakin babban tankin kuma a sa rariya ta ragar taga mai ƙananan ido, a ɗaure ta yadda za a iya cirewa a wanke.

Mataki na biyar: wurin ajiya

Tano shi ne mafarin kowa. Abin da za ka tambaya kafin ka biya shi ne me aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya ɗauki man girki, ko sikari, ko kayan lemo, a wanke da sabulu ya wadatar. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari, ko man inji, ko sinadarin da mai sayarwa ya kasa faɗa maka sunansa, bar shi ko da kyauta ne, roba tana riƙe guba. Buɗe ka shinshina da kanka.

Tano ɗaya kan cika a cikin ƴan mintuna, don haka ana haɗa uku ko huɗu. Jera su a kan dakali ɗaya mai tsawo daidai. Huda kowanne a ƙasa, kamar santimita 10 daga gindi, ka haɗa su da ɗan tiyo da mahaɗan tanki masu zoben roba. Da haka za su cika tare su sauka tare, robine ɗaya ya ishe su. Santimita goman nan na ƙasa wurin kwanciyar laka ne.

Sama da tano akwai tankin nan mai kusurwa huɗu da ke cikin kejin ƙarfe, mai cin lita 1,000, sai baƙaƙen tankunan roba masu cin 1,000 zuwa 5,000 da fiye. Mai kejin fari ne, haske yana ratsa shi, cikin sati biyu sai gansakuka ta mayar da ruwan kore. Shafa masa fenti mai duhu ko ka naɗe shi da zana ko tabarma. Duk tankin roba yana son inuwa, ranar Yamai tana cin roba, kuma ruwan da ya yi zafi a tanki yana dafa saiwar ƙananan tsiro. Ƴar rumfar kara a kansa ta isa.

Ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1,000 in ya cika tan guda ne. Ba a ɗora shi a kan bulo huɗu da aka jera a kan yashi, ruwan sama zai zaizaye ƙarƙashinsu ya karkace. A tona kaɗan, a daɓe, a zuba kankare, a gina dakali da bulon siminti, samansa ya zama shafe ba tudu ba kwari, kuma duk gindin tankin ya zauna a kai. Tsawon dakalin santimita 50 ya isa a sa bokiti ƙarƙashin robine. In kana da niyyar ban ruwa da tiyon ɗigo, ɗaga shi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma ka tabbata bakin tankin bai fi magudanar rufi tsawo ba. Wannan yakan faru a gidaje masu gajeren bango, a sayo dogon tanki a rasa yadda ruwa zai hau shi. Auna tsawon bangonka kafin ka je saye.

Wanda ke da fili da hali, kuma gidan nasa ne, ya gina rijiyar ajiya ta siminti a ƙasa. Mai zagaye ta fi mai kusurwa ƙarfi, domin a kusurwa tsagewa ke farawa. Mai faɗin mita 2 da zurfin mita 2 tana cin kusan lita 6,280. A zuba kankare mai ƙarfe a gindi, a gina bango da cikakken bulo, a yi shafe hawa biyu a ciki da siminti mai haɗe da garin hana yoyo irin Sikalite, a kuma zagaye mahaɗin gindi da bango kada ya zama kusurwa. Bayan shafe a riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana bakwai, a rufe shi daga rana. Magina sukan yi gaggawa a nan. Ka ce masa, "Malam, a bar shi ya sha ruwa sati guda, ni zan biya ruwan," domin simintin da ya bushe da sauri a zafin Mayu shi ne ke yoyo a Agusta. A rufe ta da dal mai ƙaramar ƙofa mai kwaɗo. Ta yi nesa da masai da ramin ruwan wanka, ta kuma bar mita uku tsakaninta da harsashin ɗaki da manyan itatuwa.

A unguwannin da ke kwari kusa da kogi, irin su Saga da sassan Harobanda da suka sha ambaliyar 2020, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa sosai a damana. A can ban ba da shawarar rijiyar ƙasa ba. Ruwan waje yana iya tsaga ta in babu komai a ciki, ko ya shigo da ƙazantar masai. Tankin sama ya fi.

Kowace irin ajiya ka zaɓa, a yi mata tiyon fitar rara a sama, mai faɗi daidai da na shiga, da raga a bakinsa. Tun ran gini ran zane. Tankin da ba shi da mafitar rara, ta baki zai tumbatsa ya zuba a gindin bangon da kake ƙoƙarin karewa.

Mataki na shida: inda rarar za ta

A lissafinmu na sama, ko kana da ajiyar lita 2,000, kana kwasa tana sake cika, fiye da rabin ruwan rufinka zai fita ta tiyon rara. Ƙasar gidanka ita ce babban rumbun da za ta ɗauke shi, kuma ba a sayen ta.

Mutanen Adar sun daɗe da sanin wannan a gona. A yankin Illela da Badagishiri an farfaɗo da fako da tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa, tun ƙarshen shekarun 1980, aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 kuma ya cika tsaunuka da gangare da ramuka da jerin duwatsu masu tare ruwa. Dabarar ɗaya ce, a tsayar da ruwa inda ya faɗi har ya nutse. A tsakar gida ma tana aiki, sai dai a ƙanƙance.

Bayan ruwa mai ƙarfi, fita ka ga inda ruwan gidan ke bi. Daga bakin tiyon rara, ja ƴar hanya mai zurfin taƙi ɗaya, ka shimfiɗa tsakuwa ko fasassun bulo a inda ruwan ke faɗowa don kada ya haƙa rami. Hanyar ta kai shi ga itace na farko, mita biyu zuwa uku daga bango. A gindin itacen yi kwari mai faɗi, zurfin santimita 15 zuwa 20, faɗinsa ya kai inda inuwar rassan ta tsaya, domin a can saiwoyin da ke shan ruwa suke. Jikin itacen kansa a bar masa ɗan tudu kada ruwa ya kwanta a wuyansa, lemun tsami da gwanda musamman ba sa jure haka. Ƙasar da ka tono ka yi gaɓa da ita ta gefen gangare, siffar rabin wata, buɗaɗɗen gefen yana kallon inda ruwa ke fitowa. A gefe ɗaya na gaɓar rage tsawo kaɗan ka jera duwatsu, ta nan ruwa zai tsallaka zuwa kwari na biyu in na farko ya cika. Haka za a bi, mangwaro, gwaiba, lemu, jerin zogale, na ƙarshen kuma ya sallami abin da ya rage zuwa hanyar ruwan da ke fita waje. Kada ka toshe wannan mafita ta asali. Shekarar ruwa irin 2024 ta nuna cewa akwai daren da babu kwarin da zai ɗauke abin da ke sauka.

Inda ƙasar ta yi tauri, yi tassa: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, ƙasar a tara ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu a ciki tun kafin ruwa ya sauka. Takin yana jawo gara, ita kuma tana huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Guro, kabewa, kankana da yakuwa suna yin kyau a ciki.

Gwajin da za ka yi wa kowane kwari shi ne ruwan ya nutse cikin kwana ɗaya, in ya daɗe biyu. In ya wuce haka, ƙasar ba ta sha, sai a rage zurfin kwarin a ƙara faɗinsa, ko a tona rami mai zurfin mita ɗaya a tsakiya a cika da duwatsu. A yawancin unguwannin tudu na Yamai yashi ne, kafin gari ya waye ya shanye.

Itacen da ya sha haka damana biyu yana zurfafa saiwa, ban ruwan da yake nema da rani yana raguwa sosai. A nan ne mafi yawan ribar aikin take, ko da yake ba a ganin ta da ido kamar cikakken tanki.

Mataki na bakwai: kashe ruwan da tsimi

Yi fangali masu kwari, ba masu tudu ba, in dai da rani za ka noma su. Haɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki sosai, yashi zalla ba ya riƙe ruwa. Rufe saman da karan hatsi da aka sassara, ko busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku. Gara za ta ci, ka ƙara. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindin shuka. Bokitin ban ruwa mai rariya a baki ya fi tiyo tsimi, domin kana ƙirga abin da ka zuba.

Ga tumatir, tattasai da barkono, gwada binne tulu. Samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, irin na garin Bubon, binne shi har wuya, ka dasa shuka uku ko huɗu kewaye da shi, taƙi ɗaya daga jikinsa. Cika shi da ruwa ka rufe bakin da faranti. Ruwan yana tsatsowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasa, kai kuma sai ka leƙa bayan kwana biyu ko uku ka ƙara. Tiyon ɗigo ma yana da kyau, amma sai da matata a bakin tanki, ƴar laka kaɗan ke toshe idanunsa.

Sauro, yara, da shan ruwan

Sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kamar sati ɗaya zuwa kwana goma a zafinmu. Duk wata kafa ta tanki, ta shiga da ta fita, a rufe ta da ragar taga, murfi kuma ya zauna daram. Kada a yi amfani da gidan sauron da ake rabawa, yana da magani a jikinsa, kuma wurinsa kan gado. Magudanar da ta yi ciki ta riƙe ruwa ita ma gidan sauro ce, a gyara gangarenta. In ka ga tsutsotsi a tano, juye shi duka a garka ranar, ka goge cikinsa.

Buɗaɗɗen tano da rijiyar ajiya haɗari ne ga ƙananan yara, yaro yakan leƙa ya faɗa da ka. Murfi mai nauyi ko mai kwaɗo, kullum. Babba ma kada ya shiga rijiyar ajiya shi kaɗai don wanki. A buɗe ta ta sha iska tukuna, wani kuma ya tsaya a sama.

Wannan ruwa na shuka ne da wanki da share-share. In za a sha, sai an tace an tafasa ko an sa masa maganin tsabtace ruwa. Salati da duk abin da ake ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta bayan an tsinko.

Aikin shekara

A Afrilu ko farkon Mayu a share rufi da magudana, a ƙara ɗaure sukurori, a zuba bokiti ɗaya daga sama a bi ruwan da ido har tanki, a gyara kwaruruwan itatuwa a zuba taki. Yi aikin hawa rufi da sassafe, tol na ƙuna tun hantsi, kuma ka lura da wayar lantarki.

Cikin Yuli da Agusta kada ka yi rowar ruwan tanki. In ka ga hadari ya haɗo kuma tankin cike yake, buɗe robine ka ba itatuwa, sabon ruwa zai maye gurbinsa. Daga tsakiyar Satumba sai ka juya hali, ka bar shi cike bayan kowane ruwa, domin ba ka san wanne ne na ƙarshe ba. Da wannan cikon za ka reni irin tumatir, salati, kabeji da albasa a Oktoba, ka dasa su in sanyi ya fara shigowa.

In tankin ya ƙare, cire tiyon da ya haɗa shi da rufi ka toshe bakin kada ƙurar hunturu ta shiga. Wanke lakar gindi ka zuba ta a fangali, taki ce. Tanon ƙarfe a kife shi ya bushe don tsatsa. Tankin roba a bar masa ɗan ruwa ko a ɗaure shi, iskar bazara tana mirgina wanda babu komai a ciki. Rijiyar siminti kuma kada a kwashe ta ƙaf, a bar ruwa kamar taƙi ɗaya a gindi har damana ta dawo, don kada shafen ya bushe ya tsattsage.